Ruwan Sama Ya Shigo ta Taga

Ga ta nan, ga ta nanku, amma fa sai kowa ya kife wayarsa.

Ta zo mu ji ta, mun kife.

"Goge shi a gabana, Yaya. Ina so in gani da idona."

Maman Aku ce tsaye a gaban teburin yayanta, a wani ofis mai fanka ɗaya da ke juyawa kamar an yi mata dole. Tela ce, kuma littafin da ke buɗe a hannunta shi ne wanda take rubuta faɗin kafaɗa da tsawon hannun masu kawo mata ɗinki. Yau dai ba awon kowa ta rubuta ba. A shafin ƙarshe ta jera mutum ashirin da uku, wato duk waɗanda ke cikin zauren 'yan uwa na waya, inda ake tura gaisuwar safiya da hotunan jarirai. Tun da hantsi ta riga ta soke huɗu, 'yan uwan da ke layinsu. Yaya ne na biyar.

Ya sauke tabarau kan hancinsa ya dube ta. "Ke dai tun kina ƙarama haka kike, ƙaramar magana sai kin ɗinka mata riga da wando. Abin dariya ne fa. Yarinyar nan lauya za ta zama, ki rubuta ki ajiye."

"Na ji. Goge."

To bari in koma da ku baya kaɗan, don kada in bar ku a duhu. Aku ita ce 'yarta tilo, shekararta takwas. Kakarta ce ta laƙaba mata sunan, saboda tun ranar da ta buɗe baki ba ta sake rufe shi ba. Tana hira da keken ɗinki, tana yi wa tsintsiya faɗa, in ba kowa sai ta yi wa kanta tambaya ta ba kanta amsa. Kwana tara da suka wuce, ran Asabar da safe, ta yi fitsarin kwance. Uwar ta ɗaga bargo ta ce, "Wa ya yi wannan?" Aku ta miƙe ta riƙe ƙugu ta ce ruwan sama ne ya shigo ta taga. Uwar ta ce ai rabon da a yi ruwa wata biyu. Aku ta ce wani ɗan ƙaramin girgije ne, shi kaɗai ya zo, ya yi a kan katifarta ya wuce, "kuma na gan shi, Mama, amma ban so in tashe ki ba, kin gaji."

Dariya ta kama Maman Aku har da riƙe ciki. Ta ɗauko waya ta ce, "Sake faɗa, sake faɗa." Aku ta sake faɗa, har da ƙarin gishiri, don ta ga uwarta na murna. Bidiyon da ta ɗauka minti ɗaya ne da 'yan daƙiƙoƙi. Ta tura wa 'yan uwa, ta tafi shanya katifa. Ba ta lura da rigar makaranta da ke rataye a jikin ƙofa a bayan yarinyar ba, bajonta ɓaro-ɓaro.

Ran Alhamis Aku ta shiga aji, sai yara suka hau buga tebura da yatsu, ƙas-ƙas-ƙas, kamar yayyafi a kan kwano. Wani ya ce, "Ku buɗe lema, ga Ruwan Sama nan!" Ta dawo gida ta shige ƙarƙashin teburin yanka, cikin ƙyallaye, ta yi shiru. Juma'a shiru, Asabar shiru, Lahadi shiru. Gidan da ba a jin ƙarar keke saboda surutunta, yanzu har numfashin agogo ake ji. Sai yau Litinin da safe, da uwar ta durƙusa da kofin shayi tana lallashinta ta tafi makaranta, ta buɗe baki ta faɗi magana ɗaya: "Ki cire shi daga wayar kowa."

"Kafin rana ta faɗi," in ji uwar. "Na yi miki alkawari."

Da zuciya ɗaya ta yi alkawarin. Ita a saninta, ba ɗinkin da ba ya warwaruwa, in dai ka san inda ka fara soka allura. Ita ta tura wa mutum ashirin da uku, to za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta tsinke zaren. Kuma ba za ta yarda da "na goge" ta waya ba, don ta san 'yan uwanta. Ta bar yarinyar wurin Kaka, uwar mijinta da ke zaune da su, ta ɗauki littafi ta fita.

Yaya ya danna, ya juyo mata da fuskar wayar. "Kin gani? Ya tafi."

Ta soke sunansa. "Ba ka tura wa kowa ba dai ko?"

Ya shafa ƙeya. "Kowa kamar wa? 'Yan ofis ɗin nan ne kawai. Sai kuma zauren tsofaffin 'yan ajinmu."

"Ku nawa ne?"

"Ba mu da yawa. Da waɗanda suka rasu ba a cire lambarsu ba, ba za mu wuce ɗari biyu ba."

Ta tsaya da biro a sama. Akawun da ke teburin gefe, wanda tun ɗazu yake yi kamar yana aiki, ya ɗago yana murmushi. "Au, Hajiya, ke ce maman Ruwan Sama? Wallahi matata kullum sai ta kalla kafin ta ɗora tukunya."

A ƙarƙashin sunan Yaya ta rubuta "ofis", ta rubuta "'yan aji, 200". Shafin ya fara cika ta inda ba ta zata ba.

Daga nan sai asibiti, wurin ƙanwar mijinta da kowa ke kira Anti Nas. Ta same ta a baranda tana tura keken magunguna, mutane jere a kan benci kowa da katinsa.

"Matar Yaya! Lafiya na gan ki fuska kamar an hana ki kuɗin ɗinki?"

Ta gaya mata. Anti Nas ta daina wasa, ta jingine keken, ta ciro waya daga aljihun farar rigarta ta goge nan take. "Ni fa ban tura wa kowa ba," ta ce. "Sai ɗakin masu jego. Wata ce ta kwana biyu tana kuka, na nuna mata, ta yi dariya har ɗinkinta ya motsa. Ta ce in tura mata. Sauran ma suka ce su ma." Ta kama hannunta. "Ki kawo min ita, matar Yaya. Fitsarin kwance ba abin kunya ba ne, rabin yaran da ke buga mata tebur ɗin nan su ma suna yi. Akwai dabarun da za mu koya mata."

"Masu jegon suna nan?"

"An sallame su tun Laraba."

Ta soke na shida. A ƙasa ta rubuta "masu jego", ba ta san lambar da za ta sa ba.

Rana ta take tsaka lokacin da ta shiga bas zuwa kasuwa, inda mutum biyar na cikin jerin suke da rumfuna. Kujerar baya ta samu, can ƙurya, tsakanin wata mata mai jiki da ta rungume kwando da tagar da ba ta buɗuwa. Kwandasta ya ƙara mutum biyu a kan ƙa'ida, ya ja ƙofa da ƙyar. Ba su yi nisa ba suka faɗa cunkoso. Mota gaba, mota baya, hayaƙi na shigowa ta ƙasan kujera, gumi na bin bayan kowa.

Sai ta ji muryar 'yarta.

Daga kujerar gabanta take fitowa, daga wayar wani mutum mai hular kwano a cinya. An sa wa bidiyon kiɗa, an ƙara masa ƙarar tsawa, amma muryar ita ce: "Wani ɗan ƙaramin girgije ne, shi kaɗai ya zo." Mutumin ya ɗaga wayar don na kusa su gani. Bas ta ɗauki dariya. Kwandasta ya ce, "Ai na gani, wannan yarinyar ta fi mai unguwarmu iya magana!" Wani ya ce a mayar baya. Aka mayar.

A cikin bidiyon akwai wata dariyar, ta mace, mai shiƙewa a ƙarshe kamar tayar keke tana sacewa. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon Maman Aku ya san dariyar nan. Ta ja mayafi ta rufe bakinta. Ta dubi ƙofa: mutum tara ne tsakaninta da ita, da kwando, da buhu biyu.

"Ni uwar nake jin haushi," in ji wata dattijuwa daga gaba. "Ki tona wa 'yarki asiri don duniya ta yi dariya? Ga bajon makaranta nan kowa na gani. Wasu matan dai haihuwa kawai suka iya."

"Kai Baba, wasa ne fa," in ji mai hular kwano.

"Wasa? In kai ne aka nuna katifarka?"

Aka sake kwashewa da dariya. Matar da ke rungume da kwando ta zunguri Maman Aku da gwiwar hannu, hawayen dariya na zubo mata. "Baiwar Allah, ke ba kya dariya ne? Ko ba ki gani ba? Malam, miƙo mata ta gani."

Aka miƙo wayar hannu zuwa hannu har gabanta. Ta karɓa, don ba yadda za ta yi. Ga Aku riƙe da ƙugu, idanu na ƙyalli, tana kallon wanda ke riƙe da wayar da cikakkiyar yarda. Yatsan Maman Aku ya yi ta neman inda ake gogewa. Babu. Ba a cikin wayar mutumin yake ba, a wani shafin intanet yake wanda ba ta taɓa jin sunansa ba.

"Na gani," ta ce, ta mayar.

Minti arba'in suka yi a wurin. Sau huɗu aka kunna shi.

Da ta sauka ba ta nemi rumfunan 'yan uwan ba. Ta bi layin masu gyaran waya har wurin Injiniya, wani mai furfura a gemu wanda take yi wa matarsa ɗinki. Yana sunkuye a kan wata waya da aka farke, da madubin ƙara girma a ido. Ta ajiye masa littafin awo a buɗe, ta faɗa masa komai, har alkawarin.

Ya daɗe yana kallon shafin, sunaye shida a soke da 'yan rubuce-rubucen ƙasa. Bai yi dariya ba, Allah Ya saka masa.

"Tela," ya ce, "wannan ba ɗinki ba ne. Gishiri ne kika zuba a rijiya, yanzu kike bin gidaje da cokali kina cewa a dawo miki da shi."

Ya ɗauki wayarsa ya yi 'yan dube-dube, ya juyo mata da ita. Shafi huɗu ya samu a zama ɗaya. A ƙarƙashin ɗaya an rubuta dubu arba'in da wani abu.

"Mutane ne?"

"Mutane ne."

Ta zauna a kan bencinsa. Ya ce akwai abin da za a iya, ko da ba shi ne abin da ta yi alkawari ba. Ya nuna mata inda ake kai ƙara a kowane shafi, a ce yarinya ce ƙarama kuma iyayenta ba su yarda ba, suka cike tare, yana karantawa tana amsawa. Wasu za su sauke, in ji shi, wasu sai an yi ta bi. Ya karɓi wayarta ya rufe shafinta yadda sai wanda ta sani zai ga abin da ta sa. Ya ce gobe ta je wurin shugabar makaranta da ƙafarta, tunda bajon ya fita, a san wanda ke zuwa ɗaukar yarinyar a bakin ƙofa, kada a ba kowa ita sai uwa ko kaka. Ko kusa tunaninta bai kai nan ba.

"Ni so nake in san wanda ya fitar da shi daga cikin dangi," ta ce. "In san shi kawai."

Injiniya ya bi shafukan baya-baya, daga wanda ya kwafa zuwa wanda aka kwafa. Ya tsaya. Ya cire madubin daga idonsa. "Mafi daɗewa da na samu, wani ne mai hoton babbar mota shuɗiya. Ya rubuta a sama, 'Ku ga 'yata, lauyar gidanmu.' Shafinsa a buɗe yake kamar filin ƙwallo."

Sunan farko a jerinta ke nan, mijinta direban babbar mota, wanda ta tsallake saboda yana kan hanya. Ta kira shi a nan inda take zaune.

"Madam!" in ji Baban Aku, ƙarar inji na bayansa. "Ya gida? Ya lauyata?"

"Lauyarka kwana huɗu ba ta magana. Tana ƙarƙashin tebur. Kai ka sa ta a shafinka?"

Ƙarar injin ta ragu, ta ji ya gangara gefen titi. "Wallahi don in nuna wa direbobi 'yata ta fi nasu wayo ne. Ba ta magana kika ce? Aku?"

Ta shirya masa maganganu masu zafi tun daga maƙogwaro har baki. Sai ta tuna wanda ya ce "sake faɗa, sake faɗa". Ta haɗiye su. "Ka sauke shi," ta ce. "Sauran sai ka dawo."

Ta soke na bakwai. Ta rufe littafin.

Rana ta yi ja a kan rufin gidaje lokacin da ta shiga gida. Kaka na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakin ɗinki tana tsince shinkafa a faranti. Ta dubi fuskar surukarta, ba ta tambaye ta komai ba, ta nuna teburin yanka da haɓa.

A hanya Maman Aku ta auna ƙarya ta ga za ta shiga daidai: ta ce an goge, yarinya ta fito, ta ci abinci. Amma gobe akwai aji, akwai tebura, akwai yatsu. Ta durƙusa, ta sunkuyar da kai ta shiga ƙarƙashin teburin har kafaɗa. Aku na can ƙurya, ta naɗe wani jan ƙyalle a yatsa.

"Ban iya ba," in ji uwar. "Na yi miki alkawarin abin da ya fi ƙarfina. Mutum bakwai suka goge. Sauran ba su ƙirguwa, kuma ban san gidajensu ba. Ni na yi laifin, ba ke ba. Abin ɗakinmu ne, na fitar da shi ban tambaye ki ba. Ki yafe min."

Hannun Kaka ya tsaya a cikin faranti. A zamaninta uwa ba ta faɗin haka ga ɗiya.

Aku ba ta dubi uwar ba. Wayar da ke hannun uwar take kallo, kamar yadda ake kallon kare da aka ce ba ya cizo. Maman Aku ta bi idonta. Ta miƙe, ta jawo aljihun keken ɗinki inda take ajiye allurai, ta saka wayar, ta murɗa ɗan makullin. Ta zare siririn ƙyalle daga ƙasa, ta zura makullin, ta ƙulla, ta sake durƙusawa ta rataya wa yarinyar a wuya.

"In na dawo gida, nan za ta riƙa kwana. In masu ɗinki sun kira, ke za ki buɗe min. Ba na sake ɗaukarki sai kin ce in ɗauka."

Aku ta damƙe makullin. Shiru dai.

Sai Kaka ta yi gyaran murya, tana ci gaba da tsintar shinkafarta kamar da farantin take magana. "Ni dai ban ga abin ɓuya ba. Ubanki sai da ya shekara goma yana jiƙa min tabarma. Shi ko dabarar girgije ba shi da ita. Kullum cewa yake akuya ce ta shigo. Mu kuwa ko kaza ba mu da ita a gidan."

Wani ɗan sauti ya fito daga ƙarƙashin tebur, kamar an taka ƙwallon roba. Sai kai ya leƙo, da zare a gashi.

"Baba?"

"Shi fa. Mai babbar mota."

Aku ta fashe da dariya, ta faɗi a kan ƙyallaye tana harba ƙafa. Kyan da ta yi a lokacin nan ba a magana. Hannun Maman Aku ya tafi da kansa yana laluben gefen zaninta, inda waya ke zama. Ya tarar ba komai. Ta mayar da shi kan cinya ta danne da ɗayan.

Aku ta tashi zaune, ta share ido. Ta dubi ƙofa, ta dubi taga, ta matso kusa da kakarta ta rage murya.

"Kaka, kada ki gaya wa kowa. Zai ji kunya."

Kaka ta ajiye farantin. Maman Aku ta juya tana tattara ƙyallayen da ba su buƙatar tattarawa.

Aku ta koma makaranta ran Laraba, uwarta na riƙe da hannunta har ofishin shugaba. An hana buga tebur, amma har yanzu akwai masu ce mata Ruwan Sama a bakin famfo, wata rana ta rama, wata rana ta dawo da jan ido. A gida surutunta ya dawo, in dai makullin na wuyanta. Baban Aku ya rufe shafinsa, ya dawo mata da lema 'yar ƙarama a matsayin tsaraba, aka yi kwana biyu ba ta kula shi ba. Injiniya ya sa an sauke shafi uku, biyar suka tsiro. Anti Nas ta koya mata dabarunta, katifa ta bushe. Yaya ya turo bidiyon ɗan wani yana kuka a wurin aski, mutum goma sha tara suka yi dariya a zauren, Maman Aku ba ta buɗe ba. Littafin awo ya koma awo, sai dai shafin ƙarshe na nan da sunaye goma sha shida da ba a soke ba. Ita kuwa tana nan tana ɗinkinta, tana hawa bas zuwa kasuwa sayen zare, kuma ko wane irin abin dariya aka yi a motar, bakinta a rufe yake har ta sauka.